«Boy»: kalmar da ke hana magidanci girma

Ɗalibin sakandare a Maraɗi ko Damagaram yana iya gamuwa da kalma guda sau uku kafin rana ta faɗi, kowane karo da fuskar da za ta nuna masa. Da safe, a darasin Ingilishi, ga «boy» a allo, kusa da zanen yaro mai gajeren wando da yarinya mai kitso. Da hantsi, a darasin Faransanci, a buɗe littafin Ferdinand Oyono, «Une vie de boy», sai ga kalmar nan a bango, amma wanda ake kira da ita ba ƙwallo yake bugawa ba, takalman kumandan yake gogewa. Da marece kuwa, idan aka aike shi sau uku a jere, ƙila ya yi gunaguni ya ce an mai da shi boyi-boyi. Ba safai ake samun malamin da zai ɗinke masa waɗannan fuskoki uku wuri guda ba, alhali kuwa a wurin ɗinkin ne darasin yake.

Ma'anar da littafin ajin farko ke bayarwa, wato ɗa namiji wanda bai balaga ba, ba ita ce ta fari ba. Lokacin da kalmar ta bayyana a rubuce-rubucen Ingila, wajen shekara ta 1300, ana rubuta ta «boie», kuma abin da take nufi shi ne bara, ko mutum marar asali, ko ma ja'iri. Zagi ce kafin ta zama sunan ƙuruciya. Sai daga baya, cikin ƙarni na 14 da na 15, ta soma zama a kan ƙaramin yaro kowane iri, ɗan sarki ko ɗan talaka. Abokiyar zamanta a allo, «girl», ita ma ba haka ta tashi ba: a wancan zamani tana nufin ɗan ƙaramin mutum ne kawai, mace ko namiji.

Kafin zuwanta, tsohon Ingilishi yana da nasa kalmomin na yaro, kuma makomarsu abin dubawa ce. Akwai «cnafa», wadda ta tashi daga yaro ta koma bara, daga bara ta gangara ta zama «knave», mazambaci. Akwai «cniht», wadda ita ma yaro ce kuma bara, amma da yake barantakarta a gidan sarauta ce, bisa doki, sai ta hau ta zama «knight», barde. Kalmomi biyu sun fito ɗaki ɗaya, guda ta ƙare a fada, guda a bakin kasuwa. Abin da ya raba su shi ne ubangidan da kowace ta yi wa hidima.

Game da tushen «boy» kanta, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 1940 wani masanin harshe, E. J. Dobson, ya kawo hujjar cewa daga Faransancin Normandawa ta fito, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066: «embuié», wanda aka sa wa mari, daga Latin «boia», ƙarfen da ake ɗaure wuya ko ƙafa da shi. Wasu kuma, irin su Anatoly Liberman a ƙamusunsa na asalin kalmomi na 2008, sun karkata ga dangin harsunan Jamusanci, inda ake samun kalmomi masu kama da ita a sauti da ma'ana. Malamin Faransanci zai so ra'ayin Dobson ya tabbata, domin labarin ya fi daɗin bayarwa: kalma ta ƙetare teku da mari a ƙafa, ta dawo gida bayan ƙarni da yawa tana ɗaure wasu. To amma daɗin labari ba hujja ba ne. Abin da rubuce-rubucen suka nuna shi ne ma'anar hidima ta riga ma'anar ƙuruciya bayyana, kuma wannan ya isa.

Ingilishi bai keɓanta da wannan haɗi ba. Romawa suna kiran ɗansu «puer», suna kiran bawansu «puer», ko da furfura ta cika masa kai. Girkawa ma haka suke yi da «pais». «Garçon» ta Faransanci ta soma ne da ma'anar ƙasƙantaccen bara, sa'an nan ta zama yaro, kuma har yanzu tana riƙe da tsohuwar sana'arta a gidajen shan gahawa, ko da yake mai ladabi ya daina ɗaga murya da ita. Larabci yana da «gulam», yaro kuma bawa. Sai dai a nan akwai wani abin lura. Hadisi ingantacce ya hana mutum ya ce bawana ko baiwata, ya yi umurni da a ce yarona ko yarinyata. A wannan wuri sauya bawa da yaro sassauci ne, jawo mutum ne cikin gida. Ashe musanyar guda tana iya zama rahama a wani baki, ta zama wulaƙanci a wani. Wanda aka ɗaga daga bauta zuwa ƙuruciya ya hau. Wanda aka sauke daga magidanci zuwa ƙuruciya ya faɗi.

Na biyun shi ne aikin da mulkin mallaka ya ba kalmar. Turawan Ingila sun tafi da ita Indiya da gaɓar Sin, inda ta zama kiran da ake ƙwala wa mai hidima daga baranda. Ƙamusun nan na kalmomin Turawan Indiya, «Hobson-Jobson», wanda Henry Yule da A. C. Burnell suka fitar a 1886, ya ba ta shafi, ya kuma lura da wani dace: a kudancin Indiya akwai wata al'umma mai suna «boyi» a harshen Telugu, masu sana'ar ɗaukar manyan mutane a kafaɗa cikin kujera mai rumfa, sai kalmomin biyu suka cakuɗe a kunnen baƙo. Bahaushe zai yi murmushi da jin wannan «boyi» ta Indiya, amma babu abin da ya haɗa ta da tasa sai sauti. A Afirka ta Kudu kalmar ta shiga lambuna da ramukan haƙar zinariya, har wanda ke shugabantar ƴan uwansa baƙaƙe a ƙarƙashin ƙasa ba a ce masa komai sai «boss boy». Ko shugabanci bai fitar da shi daga ƙuruciya ba.

Tambayar da ta fi dacewa da malamin Faransanci ita ce: me ya sa Faransawa suka aro ta? Harshensu ba ya ƙarancin sunayen barori. Suna da «domestique», suna da «valet», suna da «serviteur», ga «garçon» kuma wadda ta yi daidai da ita ƙwabo da ƙwabo. Duk da haka, a Indoshin da Afirka, «boy» suka ɗauka. Dalilin da ya fi kama hankali shi ne waɗancan kalmomi duka suna da masu su a Faransa, fararen fata ƴan ƙasa, masu iya kai ƙara gaban alƙali. Ana bukatar suna ga wani irin bara dabam, wanda ba ɗan ƙasa ba ne, talakan mallaka ne kawai, wanda kumandan ke iya ɗaurewa ba shari'a har zuwa 1946 da aka soke wannan doka. Baƙuwar kalma ta yi wannan aiki sarai. A Faransanci «boy» ba ta da ƙuruciya ko kaɗan. Launin fata gare ta.

Ta haka ta iso ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, ta kudu a bakin Ingilishi, ta Damagaram, wadda ta riƙe hedkwatar mulkin Faransa har 1926, da sauran barikoki a bakin Faransawa. Hausa ta yi mata abin da take yi wa kowane baƙo mai ƙarewa ba da wasali ba, ta ƙara mata ɗaya, kamar yadda ta yi wa kotu da kuku da bokiti. Jam'i kuma ta ninka, boyi-boyi, kamar joji-joji. Sai ninkin ya samu ransa na kansa, har ya zama sunan aikin da halin da ake ciki: aikin boyi-boyi, an mai da shi boyi-boyi. Duk mai jin Hausa ya san akwai reni cikin wannan ninki, akwai kai da komowa, ɗauko wannan, mai da wancan. Abin da Hausa ba ta yi ba shi ne aron sauran ma'anonin. Babu uwar da ta haifi ɗa namiji aka ce ta samu boyi. Harshe ba ya aron abin da yake da shi. Hausa tana da yaro, abin da ba ta da shi shi ne sunan wannan sabuwar sana'a ta farin tufafi da faranti a gidan Nasara. Ba ta kuma yi wa kalmar mace ba. Wadda ke wannan aiki ƴar aiki ce, ko «bonne» a bakin ƴan birni.

Bai kamata a ɗauka boyi na wancan zamani abin tausayi ne kawai a idon jama'a ba. Albashi yake karɓa a lokacin da ake kwashe wasu aikin tilas. Yana jin harshen masu mulki, ya san ranar da kumandan ya tashi da fushi, kuma mai neman alfarma yakan bi ta wurinsa. Ana ƙyashinsa, ana tsoronsa, ana kuma yi masa dariya idan ya juya baya. Wannan tsaka-mai-wuya ita ce Oyono ya kama.

Oyono, ɗan Kamaru, an haife shi a 1929, ya rasu a 2010, ya fitar da littafin a Paris a 1956. Toundi ya gudo daga dukan mahaifinsa, ya fake wurin limamin coci, Père Gilbert, wanda ya sa masa suna Joseph, ya koya masa karatu da rubutu da hidima. Da limamin ya mutu a haɗarin babur, sai Toundi ya zama boyin kumandan a garin Dangan, yana ta alfahari da wannan ɗaukaka. Yawancin sharhin da ake ba ɗalibai yakan tsaya a kan zalunci: bulala, kurkuku, ƙazafin satar da bai yi ba, da mutuwarsa a Ginin Sifaniyawa bayan ya tsere daga asibiti. Duk gaskiya ne, amma wanda ya tsaya nan ya karanta rabin littafi. Ginshiƙin labarin shi ne saɓanin da ke tsakanin sunan da aikin. An kira shi yaro domin a ɗauke shi kamar ba ya gani, a tuɓe a gabansa, a yi zance a gabansa, kamar yadda ake yi gaban jinjiri ko kujera. Aikin kuwa ya ajiye shi a wuri guda tak da ake ganin komai: ɗakin kwana, kwandon wanki, ƙarƙashin gado. Shi ya sa ya san abin da ke tsakanin matar kumandan da Moreau, shugaban gidan kaso. Laifinsa na gaskiya shi ne ranar da uwargida ta gane cewa idon da ke kallonta na babban mutum ne.

Akwai wuri guda a littafin da ɗalibin Bahaushe zai riga ɗalibin Paris fahimta. Toundi ya kai wa kumandan abu a makewayi, ya gan shi tsirara, ya ga ba a yi masa kaciya ba. Daga ranar tsoronsa ya ragu. A ma'aunin mutanen Toundi, wanda bai sha wuƙa ba bai shiga sahun maza ba tukuna. Wato a cikin gidan nan akwai ma'auni biyu na girma, kuma bisa ɗaya daga ciki mai gidan ne yaro. Oyono bai yi wa'azi a kan wannan ba, ya bar shi cikin raha, kuma nan ne gwanintarsa take. Haka nan dabarar da ya buɗe littafin da ita, cewa labarin yana cikin littattafan rubutu biyu da Toundi ya cika da harshen Ewondo, wani ya mai da su Faransanci. Wanda ake zato ba ya da abin faɗi shi ne mai alƙalami, kuma da harshen da iyayen gidansa ba su iya karantawa ya rubuta.

Hujja mafi ƙarfi a kan abin da ya sami kalmar tana bangon fassarar Ingilishi. Da John Reed ya fassara littafin a 1966, bai iya mayar wa Ingilishi kalmarsa yadda take ba. Mai karatu a London zai zaci labarin ƙuruciya ne. Sai da ya ƙara mata gida, ya ce «Houseboy». Turawan Najeriya ma sun gamu da irin wannan matsala ta ɗaya gefen: da yake «boy» ta riga ta zama sunan magidanci, idan suna nufin ƙaramin da ke taya shi wanke-wanke sai sun ce «small boy».

A Amurka ne kalmar ta fi zubar da jini, domin can ba sana'a take nunawa ba, jinsi ne sukutum. A jihohin kudu, tun zamanin bauta har bayansa da ƙarni guda, farar fata ko ɗan shekara 20 ne yana iya kiran baƙin dattijo «boy», shi kuwa dole ya amsa da girmamawa. Lokacin da masu kwasar shara na birnin Memphis, su wajen 1.300, suka shiga yajin aiki a 1968, allunan da suka ɗauka kalmomi huɗu ne kacal, masu shelar cewa mai ɗauke da allon «man» ne, cikakken mutum. Wanda bai san tarihin «boy» ba ba zai gane abin da allon ke mayar wa martani ba. Goyon bayan wannan yaji ne ya kai Martin Luther King garin, inda aka harbe shi ran 4 ga Afrilu. Maganar ba ta mutu da shi ba. A 2006 Kotun Ƙolin Amurka ta duba ƙarar wasu baƙaƙe biyu, ma'aikatan wani kamfanin kaji a jihar Alabama, waɗanda aka tsallake wajen ƙarin girma, kuma shugabansu yakan kira su da kalmar. Ƙaramar kotu ta ce kalmar ita kaɗai ba ta nuna wariya. Kotun Ƙoli ta ce a'a, sai an duba yanayi, da karin murya, da al'adar wurin, da tarihi. Alƙalai ne suka faɗa, amma darasin nahawu ne.

A bakin masu ita kuwa, yau da kullum, kalmar tana yawo ba nauyi. Ana faɗinta don mamaki, ana kiran kare da ita, tsofaffin ɗaliban makaranta guda «old boys» ne ko sun yi jikoki, sojojin ƙasa kuma yaranta ne. Legas ta ba ta nata ƴaƴan, «area boys» na tasha da «Yahoo boys» na damfarar intanet, mawaƙi kuma ya ɗauke ta suna, Burna Boy, ya ci kyautar Grammy da ita a 2021. Ɗaya ce ba ta cikin dangi, ko da yake ɗalibai kan jawo ta: «boycott», ƙaurace wa abu, sunan mutum ne, Charles Boycott, wakilin mai gonaki wanda manoman Ailan suka juya wa baya a 1880.

Hausa ta sake aron kalmar karo na biyu ba tare da ta gane ta ba, cikin kaboyi. Asalin «cowboy» makiyayi ne ɗan ƙwadago, mai kiwon shanun wani, da yawansu ma baƙaƙe ne ko ƴan Meziko. Silima ce ta ɗora masa hula da bindiga ta mai da shi jarumi. Moustapha Alassane, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, ya rasu a 2015, ya ga abin dariya da abin tsoro a nan tun 1966. A fim ɗinsa «Le Retour d'un aventurier», saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Shekara goma tsakaninsa da littafin Oyono. Samarin da ba su yarda a kira su boyi ba sun yi rububin zama kaboyi, kayan aro ne dai a karo na biyu.

Sai dai duk wannan zai zama tsegumin maƙwabci idan ba a juyo ga yaro ba. Hausa ma tana kiran mai shekara 50 yaron wane. Akwai yaron shago, yaron mota, yaron sarki, yaran ɗan siyasa. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda kasuwancin garin ya ginu bisa dangantakar ubangida da baransa, kuma da yawa daga manyan attajiran sun fara ne a matsayin yaran wasu. A nan bambancin yake, kuma Hausa tana da kalmomi biyu da suka fayyace shi. Yaro ana yaye shi: a yi masa aure, a ba shi jari, wata rana ya zama ubangidan wasu. Boyi sai dai a sallame shi, da takardar shaida a hannu, ya nemi wani Bature. Ko zai shekara 40 yana goge takalmi ba zai zama kumandan ba. Wannan shi ne ƙa'ida. Amma mai adalci ya san yara nawa ne suka tsufa suna jiran yayen da bai zo ba, ya kuma san gidajen da ake cewa yaronmu ne, ɗan gida ne, don kada a yi zancen albashi. Ƙasar da sai a 2003 ta sa hukuncin bauta cikin kundin laifuffukanta ba ta da damar yin sakaci da kalmomi masu laushi.

Ƙungiyar da ta yi niyyar mai da littafin Oyono Hausa, kuma ya cancanci a yi, za ta fara cin tuntuɓe tun daga bango. «Rayuwar Bara» ta yi tsufa, tana ƙamshin fada da zaure, Toundi kuwa ba a zaure yake ba. «Rayuwar Yaron Gida» ta fi daɗin kunne, kuma ita ce mafi haɗari, domin tana ɗauke da alkawarin yaye, tana sa mai karatu ya ɗauki kumandan ubangida mai haƙƙi a wuyansa, abin da littafin ya ɓata shafuffukansa duka yana ƙaryatawa. Saura «Rayuwar Boyi». Masu tsarkake harshe za su ce aro ce, a nemo ta gida. Aro ce kuwa, kuma shi ya sa ta dace: Oyono ma aro ya yi, ya bar ta tsaye a tsakiyar Faransancinsa kamar baƙo a bakin ƙofa. Mai fassarar Hausa ya fi John Reed sa'a, don shi ba sai ya ƙara mata komai ba.